Yaɗiyar Uwani

Bana ruwa ya yi mana jinkiri a Daura. Tun bayan ƙaramar salla muke ɗaga kai muna duban gabas. Hadari zai haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta kwashe shi, a bar mu da zufa da ƙuda. Rannan ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu ina fifita da faifai, sai wani wari ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Ganye ake dafawa da kanwa, ganye mai ɗaci. Ban tambayi kowa ba, na san yaɗiya ce. Sai na ji yunwa kamar ban karya ba, alhali ban daɗe da tashi daga kan dambu ba.

Yaran birni na yanzu in sun san yaɗiya, a kwano suka san ta, an kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ba su san ta a tsaye ba. In ta sami abin kamawa, shinge ne ko ice, sai ta hau ta nannaɗe shi ta lulluɓe. In ba ta samu ba sai ta bi ƙasa tana yaɗo, ta riƙe rairayi kada iska ta tafi da shi. In an tsinke ta wani ruwa mai danƙo ke fitowa, wanda muke ɗigawa a kan yanka. Furenta ƙanana ne, 'ya'yanta dogaye masu tsini kamar kuɓewa, in sun bushe su tsage, auduga ta fito ɗauke da iri ta bi iska. Saiwarta na yin nisa a ƙasa, shi ya sa a tsakiyar bazara, sa'ad da ko'ina ya ƙone, ita tana nan kore shar.

Ni kuwa in na ji warinta, kafin in tuna yunwa Uwani nake tunawa.

A wani ƙauye na ƙasar Baure aka haife ni, a gidan gandu. Akwai Baba da Inna, akwai ƙanen Baba, Baffa Sale, da matarsa, sai Iya mahaifiyarsu, wadda a gaskiya ita ke riƙe da gidan. Uwani 'yar Baffa Sale ce. Damina ɗaya aka haife mu, kuma ni na riga ta zuwa duniya, amma ita aka sa wa sunan Iya. Ni aka ce Zulai, sunan wata gwaggon Baba da ta rasu tun ba a san za a yi ni ba. Da yake ba mai kama sunan Iya a gidan, sai ake ce wa yarinyar Uwani. Iya kuwa ba ta kiran ta sai da “takwara”, tana jan kalmar kamar mai tsotsar rake. Ni in za ta kira ni, “ke doguwa” ne.

Shekarar da nake magana muna 'yan mata, mun fara ƙirgen dangi. Daminar da ta gabace ta ta fara da kyau, gero ya tashi ya fid da kai. Yana cikin bununi, bai kai ga yin ƙwaya ba, ruwa ya ɗauke. Aka yi ta jira, aka fita roƙon ruwa, bai dawo ba. In ka murza zangarniya a tafin hannu sai ka tashi da ƙaiƙayi. Abin da aka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Iya ta zaɓi wanda ya fi ƙwaya ta ware na iri, ta zuba a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ana gama kaka Baba da Baffa Sale suka tafi cirani kudu don a rage bakin ci.

Ni ke hawa rumbu in miƙo, Iya ta auna. Furar rana aka fara bari. Daga nan tuwo ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana iya ganin fuskarka a ciki. Dusar da ake ba awaki aka daina ba su, aka koma soya mana ita da gishiri. Awakin suka shiga cin tsumma da ɓawon ice, aka yi ta kai su kasuwa har saura uwar garke kaɗai.

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba, ko kuwa yunwa ce ta sa na ga haka. Tun hantsi rairayi ke ƙuna. Mu da ba mu da takalmi gudu muke daga inuwa zuwa inuwa, in inuwar ta yi nisa mu jefa ɗankwali ƙasa mu taka mu huta. Rijiyar gari ta ja baya, aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, guga na fitowa rabi ruwa rabi laka. Ni ke zuwa rijiya saboda tsawona da ƙarfin damtsena, har tafin hannuna ya yi kanta.

Mata suka bazama daji. Ganyen aduwa aka fara ci, aka ci na cediya, aka koma kan yaɗiya. Amma mai jin yunwa ba ta tsayawa tsinkar ganye ɗai-ɗai. Kama igiyar ake a fizge ta gaba ɗaya, wani lokaci har da saiwa, a naɗe a ɗora a kai, ganye na tukunya, kara na jaki. Makiyayan da suka gangaro daga arewa da raƙuma da tumaki suka ƙarasa abin da ya saura. Kafin a ga hadarin farko, sai ka yi tafiya tun safe har azahar ba ka ga yaɗiya ko ɗaya ba.

Sai a gayaunar Iya. 'Yar gonarta ce ta kanta, a bakin wata busasshiyar ƙorama bayan gari, kewaye da shingen aguwa, da aduwa guda a tsakiya. Akwai wata tsohuwar yaɗiya a ciki, gindinta ya kai kaurin tsintsiyar hannuna, ɓawonsa fari duk ya tsattsage. Ta haye aduwar, ta sauko ta bi shingen ta kewaye shi. A shekarun ƙoshi Baba yakan yi mita wai tana harɗe masa fartanya, zai sare ta. Iya takan ce ya fara sare ta ita tukuna. A wannan bazarar, in ka tsaya a ƙofar gari ka duba, duk duniya ja ce da fari, sai wannan kewayen ɗaya tal kore.

Ranar da muka fara zuwa, da sassafe, Iya ta tsaya a tsakar gida ta ce, “Takwara, ɗauko ƙwarya. Ke doguwa, ɗauko sanda.”

Shi ke nan an raba aiki. Su biyu suka shiga cikin shinge, cikin inuwa da sanyin ganye, ni na tsaya a waje cikin rana ina korar awakin gari da jakuna. Ta tsakanin ganye nake jin muryar Iya ƙasa-ƙasa tana koya wa Uwani. Toho ake ɗauka, da farce, kamar mai cire ƙaya. Gefen da aka tsinka yau ba a komawa gobe. Fure a bar wa ƙudan zuma, 'ya'ya a bar su su bushe a kan uwarsu. Kada a taka gindi. Uwani na cewa “to, Iya”, “na gane, Iya”, da wata 'yar murya mai taushi da ba ta yi da ita in muna mu kaɗai.

Sau ɗaya na matsa sai na shiga. Iya ta ce in gwada. Na kama wani toho na ja, sai igiya guda ta biyo hannuna ta karye, ruwanta na ɗiga. Iya ta kama hannuna ta juya tafin, ta taɓa kantar.

“Wannan hannun na guga ne,” in ji ta. “Koma ga sandarki.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗan ne, da na samu na yi kuka.

A gida ni ke wanke ganyen, ni ke hura wuta. A tafasa shi da kanwa a zubar da ruwan farko saboda ɗaci, a sake tafasawa, a tsame. Ni ke matsewa, don a nan ana son hannu mai ƙarfi. Amma kwaɗawa ta Uwani ce. Ita ke zama da ƙwarya tsakanin ƙafafunta, ta barbaɗa gishiri da barkono da ɗan ƙuli-ƙuli, da ƙuli-ƙulin ya ƙare ta koma sa soyayyiyar dusa. Wanda bai yi yunwa ba ba zai gane abin da ke cikin wannan ba. Mai kwaɗawa ita ke ɗanɗanawa, ita ke lashe yatsu, ita ke suɗe ƙwarya. Nakan zauna nesa kaɗan ina bin hannunta da ido tun daga ƙwarya har baki. Ban taɓa ganin ta ɗauki abin da ya wuce ɗanɗano ba, kuma na duba ƙwarai.

A lokacin Inna na goyon ƙanena Sani. Nono ya ja baya, kukan yaron ya koma kamar na ɗan mage. Iya ta ce a riƙa dafa yaɗiya dabam, a dama kunu da ruwanta da ɗan geron da take ɓoyewa, Inna ta sha. Uwani ke kai mata ɗaki. Ko ganyen ne ko geron ne, Allah ne masani, nono dai ya dawo, Sani ya fara kama shi da ƙarfi. Wata safiya na shigo daga rijiya, tulu a kai, wuyana kamar zai karye, na tarar Inna ta riƙe hannun Uwani.

“Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki.”

Na sauke tulun na ce, “Inna, ni fa na ɗebo ruwan da aka dama kunun.”

Ta dube ni da mamaki. “To ruwa ai kullum kina ɗebowa, Zulai.”

Matan gari suka fara zuwa. Iya ba ta hana kowa ba, amma ba ta bar kowa ya sa hannu ba. Kowace ta zo da 'yar ƙwaryarta ta tsaya a bakin shinge, Uwani ta tsinko ta zuba mata, masu goyo da masu tsofaffi a gida a ƙara musu. Manyan mata da suka haife ta suka koma gaishe ta kafin ta gaishe su. Ni sukan wuce ni da sandata kamar suna wuce turke.

Wata rana da tsakar rana, Iya ta koma gida, mu biyu muna gadi, sai ga wani mutum ya ɓullo ta cikin ƙoramar yana jan raƙuma. Shi ma a rame yake, leɓensa duk ya tsage. Tozon raƙumar ya kwanta gefe guda kamar jakar da aka juye. Tana hango kore ta fizge akala ta nufo mu.

“'Yan mata, ku bar ta ta ɗan taɓa na waje,” in ji shi. “Na wajen nan kawai.”

Na ce ba a taɓawa. Na sha gabanta na ɗaga sanda. Ta miƙa wuya ta saman kaina za ta kai baki, na buga mata a hanci. Ta yi wani ruri, warin bakinta ya bugi fuskata, kumfa ta zubo mini a ɗankwali. Ban matsa ba. Ta koma hagu na tare, ta koma dama na tare, mutumin na ja yana roƙo. Na waiga ban ga Uwani ba, ta ruga gida. Ban san tsawon lokacin da na yi a gaban dabbar nan ba. Na dai san sa'ad da Iya ta iso tana haki, hannuna ya sage a kan sanda har sai da na ɓamɓare yatsuna da ɗayan hannun.

Mutumin ya durƙusa ya gaida Iya. Ya kwance wata jakar fata ya nuna mata gero, gero na gaske, ya ce zai bar mata shi in ta bar raƙumarsa ta ƙoshi. Iya ta sunkuya ta leƙa cikin jakar. Ta daɗe tana kallon geron.

“Bawan Allah,” ta ce, “in ta ƙoshi yau, gobe masu goyon garin nan me zan zuba musu? Ɗaure jakarka.”

Ta sa Uwani ta shiga ta yanko tsofaffin igiyoyin da suka yi wa aduwar yawa ta can sama, aka tara wa raƙumar ta ci. Da zai tafi ya yi ta sa wa Uwani albarka.

Da yamma Inna da matar Baffa suka yi ta gunaguni a kan geron da aka bari ya tafi. Iya ba ta kula su ba, labari take ba maƙwabta. “Ba don takwara ta yi ƙafa ba,” take cewa, “da yanzu shingen nan ya zama kara.” Ina tsugune a gefe ina wanke kumfar raƙuma daga ɗankwalina da ruwan da bai kai cikin ludayi ba.

A nan na ƙudura sai na yi tawa yaɗiyar.

Ta gefen da nake tsayuwa, a wajen shinge, akwai wani ɗan yaɗiya da ya bushe ya fara tsagewa. Kafin iska ta riga ni na zare audugar da irin, na ƙulle a haɓar zane. Bayan ɗakin Inna, jikin danga, akwai wani lungu da ba mai zuwa. Na tona da tsinke na binne. Ban gaya wa kowa ba. Kowace alwala nakan rage ruwa a buta in zaga in zuba. In aka ba ni ruwan sha nakan riƙe kurɓin ƙarshe a baki in je in tofa a wurin. Na yi ta yi har na fara fid da rai, sai wata safiya na ga ƙasa ta ɗaga, ga ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera. Uku suka fito, biyu suka ƙone, ɗaya ta tsaya. Tun da aka fara yunwar nan ban ji daɗi irin na ranar ba. Na riƙa shirya yadda zan yi: sai ta kama danga ta hau, sannan in kamo hannun Iya in kawo ta in nuna mata abin da hannun guga ya yi.

Ta kai tsawon yatsa, ta fid da wani siririn zare tana neman abin kamawa. Rannan na dawo daga rijiya na ji muryoyi a lungun. Na ajiye tulu na zaga. Uwani na tsugune, ta kewaye 'yar shukar da ƙayar magarya, ta kafa mata kara ta jingina da danga. Iya na tsaye a kanta, fuskarta cike da murna, ta kira Inna da matar Baffa.

“Ku zo ku ga takwara. Har gida ta kawo mana.”

Uwani ta ce, “Iya, ni ganin ta na yi ta fito, na ce kada uwar garke ta cinye.”

Na ce, “Ni na shuka ta.”

Duk suka juyo. Iya ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. “Ke doguwa, wa ya taɓa shuka yaɗiya? Iska ke kawo ta. Allah dai ya sa mai ido ta gan ta.”

Na ce da ruwan bakina na rene ta. Inna ta ce in bar shirme in je in sauke tukunya. Uwani ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuya ta ci gaba da gyara ƙayarta. Ban sake zuba wa shukar ruwa ba. Ba ta kuma buƙaci nawa ba, Uwani ta karɓa. Kafin mako ya zagayo duk gidan “yaɗiyar Uwani” ake cewa.

Su Baba suka dawo a rame, da ɗan garin rogo da gishiri. Ba da daɗewa ba ruwan shuka ya sauka, da la'asar, da ƙarfi, har ƙoramar ta kawo. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, muka fita muna buɗe baki sama. Iya ta fasa bakin tulun iri. Washegari maza na gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige, ba wanda ya yarda ya kai ko ƙwaya ɗaya baki ko da yake kowa ya yi tunanin haka. Mutane na zaton in ruwa ya sauka yunwa ta ƙare. Lokacin noman farko ta fi tsanani, ga aiki ga rumbu wayam. Na ga Baba ya nome kunya ɗaya a gona ya zauna ya dafe kai, ya tashi ya nome wata. Amma tafasa da lalo da rama sun fito, tukunya ta sami sauyi, Iya ta ce a bar gayauna ta huta. Ranar da aka gasa mana tumu na farko, sabon gero mai zaƙi, na ci har bakina ya yi baƙi. Sani ya rayu, yau yana da jikoki. Akwai gidajen da ba su fita shekarar nan da yawan da suka shiga ba.

Bayan 'yan shekaru Iya ta rasu, ta bar wa takwararta gayauna, ba wanda ya yi mamaki. Ni na yi aure a Daura, gidan maɗinki, na sami ɗakin kwano da famfo a ƙofar gida, kantar hannuna ta baje. Uwani ta yi aure a ƙauye, da mijinta ya rasu ta dawo tsohon gidanmu ta zauna da ɗanta. A idon mutane ni na ci gaba. Amma duk zuwan da zan yi, biki ko gaisuwa, sai na zaga lungun nan. Ɗakin Inna ya rushe, danga ta koma katanga, yaɗiyar na nan tana ƙaruwa, kuma ko yaron da aka haifa jiya ya san ta wace ce.

Yanzu a gonakin wajenmu yaɗiya ta yi wuya. An sare shingayen aguwa an haɗe gonaki, ana feshin maganin ciyawa wanda bai san ta ci da ta banza ba. Masu sayar da magani kuma na haƙe ta da saiwa su kai birni, don ana cewa tana taimakon masu hawan jini da ciwon suga. Gayaunar Iya gari ya cinye ta, gidaje ne a wurin, aduwar ma an yi turmi da ita. Warin da ya tsallako mini katanga rannan ya hana ni sukuni, har da gari ya waye na shiga mota zuwa Baure, daga can na hau mashin.

Na tarar da gidan cike da mata. Yaɗiyar ta rufe katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta hau rumfar da aka yi mata, gindinta ya kai kaurin damtsena, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Uwani na zaune a kan tabarma a ƙarƙashi, ta tsufa, haƙoran gaba sun zube, amma 'yar muryar nan tana nan. Kusa da ita wata yarinya ce mai lulluɓi, malamar gona daga ƙaramar hukuma. Busassun 'ya'yan take tarawa a buhu, wai za a rene su a leda a raba wa mata su dasa a jikin katangu da iyakar gona. Muka gaisa, aka shimfiɗa mini tabarma a gefe. Na zauna ina kallon matan na yi wa Uwani tambaya ɗaya bayan ɗaya, sai na ji wannan tsohon abu ya taso mini a ƙirji, sabo fil, kamar jiya na ajiye sanda.

Malamar ta ce, “Mama, ita wannan da kanta ta fito, ko dasa ta kika yi?”

Uwani ta nuna ni da haɓa. “Ga wadda ta shuka ta nan zaune, 'yar'uwata Zulai. Shekarar yunwa, muna 'yan mata. Ni ƙaya kawai na sa mata.”

Na juya na dube ta. Na ce, “Ashe kin sani?”

“Yo ba ina ganin ki ba? Kullum kumatu a kumbure kina zagawa bayan ɗaki.” Ta yi dariya, matan suka taya ta.

Tun ina budurwa nake jiran wannan magana, har na yi furfura. Ta fito cikin sauƙi kamar atishawa. Malamar ta juyo ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah ya saka.” Ta tambaye ni yaushe ya kamata a cire 'ya'yan, suna kore ko sai sun fara tsagewa, kuma sau nawa ake rage mata igiya a shekara. Ban sani ba. Sai ta koma ga Uwani. Wata mata a bayana ta ce wa ta kusa da ita, “Allah sarki Uwani, ko ganye ba ta cin haƙƙin mutum.” Duk suka gyaɗa kai. Uwani ta ba ni abina a gaban jama'a, kuma ita ta ƙara girma da shi.

Da baƙi suka watse ta tashi da kanta, tana dafa gwiwa, ta tsinko toho da farce, ta dafa, ta kwaɗa, ta kawo mana kwano ɗaya. Muka sa hannu. Ɗacin ya tsaya daidai inda ake so, barkono bai danne shi ba, ganyen ya yi laushi bai narke ba. Ni ma ina yin kwaɗon yaɗiya a Daura in na samu, 'ya'yana na yabawa, amma bai taɓa yin haka ba.

“Ya kika ji shi?” in ji ta.

Na ce, “Gishiri ya yi yawa.”

Ta ce, “To bar shi mana.”

Na jawo kwanon gabana na cinye.